A Gyara Ko A Sa Sabo? Gardamar Da Ke Cikin Mastan Kuloci

Duk wanda ya daɗe yana tuƙa mota mai giyar hannu ya san yadda ƙafar hagu take sabawa da nauyin fedar kuloci har ta manta da shi. Sai ranar da nauyin ya ɓace ake tunawa. Ka taka feda ta zarce ƙasa sululu, wani lokacin ma ta kwanta a can ta ƙi dawowa sai ka sa bakin takalmi ka ɗago ta. Ka nemi giya ta ɗaya ta ƙi shiga, sai gurnani. Inji yana aiki lafiya lau, tanki cike da mai, amma mota ta tsaya cik. Sau da yawa mai laifin wani ɗan famfo ne da bai wuce tsawon tafin hannu ba, wanda bakanikai ke kira mastan kuloci, wasu kuma su ce kulocin sama.

Aikinsa ba shi da wuyar fahimta. Bututu ne na ƙarfe, a cikinsa akwai fistan mai ɗauke da robobi, a samansa kuma ɗan kofi ne da ake zuba man birki. Idan direba ya taka feda, wata 'yar sanda ta tura fistan, fistan ya matse mai, man ya bi siririn fayif ya sauka zuwa famfo na biyu da ke jikin giyabos, wato kulocin ƙasa. Shi ne zai tura abin da ke raba faifan kuloci da inji don giya ta samu shiga. Tun a ƙarni na 17 Blaise Pascal na Faransa ya bayyana dokar da wannan ya hau kanta: ruwan da aka kulle a mazubi, in aka matsa shi ta gefe guda, matsin yana isa kowane sashe nasa daidai wa daida. Sharaɗin dai a kulle shi, kuma robar nan ita ce makullin. In ta saki, mai sai ya riƙa zagaye fistan yana komawa inda ya fito, ƙarfin ƙafar direba ya tashi a banza.

Mu ɗauki Mazda MX-5, 'yar ƙaramar motar gudu mai kujera biyu da rufin da ake naɗewa, wadda ake ƙerawa a Hiroshima ta ƙasar Japan tun 1989. A 2016 adadin da aka ƙera ya cika miliyan ɗaya. Samfurin farko an yi shi ne daga 1989 zuwa 1997, ke nan kowacce daga cikinsu yanzu ta doshi shekara 30 ko ta haura. Masu riƙe da su a Ingila da Amurka da Japan ba don ɗaukar kaya ko kai yara makaranta suka saye su ba. Daɗin sauya giya da hannu a kan hanya mai lanƙwasa shi ne abin da suka biya wa kuɗi, don haka ranar da feda ta faɗi, ran motar ne ya tafi. A irin wannan shekaru kuwa, famfunan kuloci suna cikin abubuwan da aka san suna gajiya.

Mai motar yana da hanya biyu a gabansa. Ko ya sayi kit, wato 'yar ledar da ke ɗauke da sababbin robobi, wani lokacin har da fistan da sifirin, a kwance tsohon a wanke a mayar da su ciki. Ko kuma ya kwance noti biyu da fayif ɗaya, ya jefar da tsohon ɗungurungum ya ɗaura sabo. Magana ce ta gareji, amma in aka tsaya aka dube ta, tsohuwar tambaya ce da ɗan Adam ya daɗe yana yi wa kansa: abin da ya lalace, yaushe ya cancanci a zauna a gyara shi, yaushe kuma riƙe shi ya zama taurin kai?

Mu dai a nan, kafin mai tambaya ya rufe baki mun ba shi amsa: a gyara. Haka muka tashi muka gani. Irin waɗannan motocin gudu ba su da yawa a titunanmu, amma famfon da ke cikinsu ɗan'uwan wanda ke cikin Hiace ne, da tsohuwar Peugeot 504 da aka yi shekaru ana haɗawa a Kaduna. Wanda ya taɓa shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya ga yadda ake ta da matattun kaya su koma bakin aiki. Muna alfahari da wannan, kuma akwai abin alfahari a ciki. Muna kallon mutumin da ya jefar da dunƙulen ƙarfe mai lafiya saboda robar da ba ta fi zoben yatsa ba, mu girgiza kai mu ce almubazzaranci.

Sai dai kafin mu yi wa kanmu kirari, yana da kyau mu tambayi inda wannan hali ya samo asali. A Ingila ko Amurka, ladan bakanike na awa ɗaya yakan kamo kuɗin sabon mastan irin wannan mota, ko ma ya zarce. In ya zauna ya kwance, ya wanke, ya mayar, kuɗin lokacinsa ya cinye ribar gyaran, kuma in abin ya sake saki bayan wata biyu, shi za a dawo wa. Sabon kuwa da garantinsa yake zuwa. A wurinmu lissafin a juye yake: kaya da tsada saboda da dala ake shigo da su, hannu kuma da araha. Yaron gareji zai shafe rabin yini a kan famfo ɗaya, a sallame shi da abin da bai taka kara ya karya ba. Ashe wani kaso na abin da muke kira tattali, arahar gumin yaron nan ne. Da ladansa zai kai na takwaransa na Landan, da yawanmu da tuni mun koma jefarwa ba tare da halinmu ya canza ko kaɗan ba. Shi ma Baturen da ke jefarwa yau, kakansa gyara yake yi a zamanin da hannu ya fi kaya araha a ƙasarsa. Kowa aljihunsa yake karantawa, don haka hujjar aljihu ba za ta raba gardamar ba.

Abin da zai raba ta yana can cikin bututun, inda ido ba ya kaiwa daga waje.

Man birkin da aka fi amfani da shi, mai lamba DOT 3 ko DOT 4, yana da wata ɗabi'a: yana shan laima daga iska. Shekara bayan shekara ruwa yana taruwa a cikinsa. Ƙa'idar DOT 3 ta ce kada sabon mai ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, amma wanda ya riga ya sha ruwa an sauko masa da iyakar zuwa 140. Wannan ya fi damun birki, inda zafi yake. A kuloci ɓarnar ruwan ta wata fuskar take zuwa. Yana haɗuwa da ɓurɓushin tsohuwar roba ya zama baƙar laka, ya kwanta a ƙasan bututu yana cin ƙarfe a hankali. Motar gudu ma ta fi kowace shan wannan wahala, domin a ƙasashen sanyi masu ita sukan rufe ta a ɗaki duk tsawon hunturu. Watanni suna wucewa ba a taka fedar ba, lakar tana zaune wuri ɗaya tana aikinta. Wata rana sai a buɗe a tarar cikin bututun ya yi ramuka-ramuka kamar fuskar da agana ta yi wa zanzana.

To, a nan maganar ta rabu. In aka buɗe aka tarar bangon ciki sumul, roba ce kawai ta tsufa ta taurare, kit ya wadatar. Gyara ne cikakke, kuma famfon da kamfani ya ƙera tun asali, in aka sa masa roba mai kyau, yakan fi wani sabon na araha ƙarko. Jefar da shi ɓarna ce tsagwaronta. In kuwa bangon ya yi zanzana, sabuwar roba za ta riƙe na 'yan makonni, feda ta yi tauri, kowa ya yi murna, alhali duk takun da direba ya yi bakin ramukan nan yana yankar leɓen robar. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Bututun baƙin ƙarfe, in tsatsar ba ta yi zurfi ba, ana iya goge shi da dutsen da aka yi don haka ya koma daidai. Na alminiyam kuwa da yawansu suna da wata tauraruwar fata a ciki da aka yi musu tun a masana'anta. In aka bi shi da sanfefa, fatar ta tafi, bututun ya fito yana sheƙi fiye da yadda yake da, amma ya zama laushi, ba zai daɗe ba. Abin da ya fi ba mu tsoro a duk wannan bayani shi ne sheƙin nan: lokacin da abin ya fi kyan gani, lokacin ya gama lalacewa.

Saboda haka wanda ya ce "ni kullum gyara nake yi" da wanda ya ce "ni kullum sabo nake sawa" kuskure ɗaya suke yi, domin duk sun yanke hukunci kafin su buɗe. Kuma tunda mutum ɗaya ne yake buɗewa, wato bakanike, sai maganar ta tashi daga kan ƙarfe ta koma kan amana. Mai mota ba ya ganin cikin bututu. Ko an nuna masa, da wuya ya bambance tabon da yake gogewa da ramin da ya ci ƙarfe. Abin da aka faɗa masa shi zai ɗauka.

Akwai bakaniken da zai ce, "Alhaji, wannan ya mutu, sai sabo," bai ko cire zoben da ke riƙe da fistan ba, saboda yana da la'ada a wurin mai kayan gyara. Akwai kuma wanda zai leƙa ya ga ramukan da idonsa, ya ce, "Alhaji, ai roba ce kawai, yanzu za ka tafi," don kada tsadar ta kori kwastoma. Na farko kowa ya yarda macuci ne. Na biyun shi muke kira mai sauƙi, mai tausayi, shi muke tura abokanmu wurinsa. A ganinmu kuwa laifinsa ya fi nauyi. Na farko ya ci kuɗin mutum sau ɗaya, ya sallame shi da mota mai lafiya. Na biyu ya sa shi a hanya da ciwon da shi kaɗai ya san da shi.

Kada a ce ai kuloci ne, ba birki ba. Gaskiya ne mutuwar birki ta fi muni, amma masta yana da wata irin mutuwa ta ɓoye. Wani lokacin mai yana ɗiga ta bayan famfon ya jiƙa kafet a saman feda, a gani a gane. Wani lokacin kuwa ko ɗigo ɗaya ba ya fita, kofi a cike, ƙasa a bushe, a cikin bututun ne kawai mai yake zagaye fistan. Direba ya tsaya a mahaɗar hanya, giya ta ɗaya a ciki, ƙafarsa a kan feda yana jiran fitila. Matsin yana sulalewa a hankali, kuloci yana kamawa da kansa, mota ta fara matsawa gaba alhali ƙafarsa ba ta motsa ba. Wanda ke tsallaka titi a gabansa a lokacin ba a yi shawara da shi ba ranar da aka zaɓi roba.

Mai mota ma yana da nasa kason. Mu ne muke cewa, "Malam, a yi min maneji dai in samu in isa gida." Maneji ba laifi ba ne. Mutumin da motarsa ta mutu a inda babu kayan gyara, dole ya lallaɓa. Abin da ke raba maneji mai tsafta da algus shi ne a kira shi da sunansa: bakanike ya ce wannan zai kai ka gida amma ba zai kai ka wata mai zuwa ba, mai mota kuma ya ji ya riƙe. Matsalar tana farawa ne ranar da aka isa gida, feda tana da tauri, aka manta. Ta ƙara girma ranar da aka sayar da motar ga wani ba a faɗa masa ba.

Shi kansa "sabo" ba kullum yake zama sabo ba. A kasuwanninmu akwai hanya ta uku da muka fi bi, wato na Beljiyam, famfon da aka ciro daga motar da ta gama rayuwarta a Turai. Muna ɗaura shi muna cewa mun canza, alhali tsohuwar robar wani ce a cikin bututun da babu wanda ya leƙa. Akwai kuma jabu a cikin kwali mai kyau, wanda wani lokacin tsohon da aka cire ya fi shi lafiya.

Duk wannan gardama tana yiwuwa ne saboda mastan tsohuwar MX-5 ana iya buɗe shi. A motoci da yawa na yanzu, famfon na filastik ne da aka rufe tun daga masana'anta, ba a sayar da kit ɗinsa, ba a yi shi don a kwance ba. Sai mu yi wa masu ƙerawa adalci: filastik ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, kuma ya fi araha a ƙera. Amma an ɗauke wa mai mota zaɓi, an ɗauke wa bakanike dalilin leƙawa. Wanda ya shekara goma yana cirewa yana ɗaurawa bai taɓa ganin cikin bututu ba, ya zama mai ɗaura kaya, kuma yaron da ya koya a hannunsa ba zai san akwai abin da ake dubawa ba. Ƙasashen da suka fara wannan tafiya su ne yanzu suke jan birki. Jihar Massachusetts ta Amurka ta yi dokar 'yancin gyaran mota a 2012, wadda ta tilasta wa kamfanoni su ba ƙananan gareji bayanan da dilolinsu ke samu. Faransa ta fara manna wa wasu kayan lantarki makin sauƙin gyara a 2021. Tarayyar Turai ta amince da tata dokar 'yancin gyara a 2024, ko da yake ta fi karkata ga kayan gida da wayoyi. Abin da muke da shi a hannu tun da daɗewa, su da doka suke ƙoƙarin dawo da shi, mu kuma muna ta sakinsa ba mu lura ba.

Masu tsofaffin motocin Ingila suna da wata dabara da ta cancanci a ambata. Motar MGB, wadda aka yi a Abingdon daga 1962 zuwa 1980, da ire-irenta, in bututun mastansu ya yi zanzana kuma mai motar yana son ya riƙe na asali, sai a kai wa masu injin ƙira su faɗaɗa ramin, su cusa siririn bututu na ƙarfen da ba ya tsatsa ko na tagulla. Waje tsoho, ciki sabo. Wannan gyara ne ko canji? Tun 1988 kamfanin British Motor Heritage yake buga sabon gangar jikin MGB sukutum, ita ma Mazda a 2017 ta buɗe shirin sabunta MX-5 na farko a Japan, ta koma yin wasu kayan da ta daina. Mutum zai iya canza jiki, ya canza inji, ya canza famfo, ya ci gaba da cewa motar babansa ce. Girkawa sun yi wannan muhawara tun tuni. Plutarch ya ba da labarin jirgin ruwan Theseus da mutanen Atina suka adana, duk katakon da ya ruɓe su cire su sa sabo, har masana suka shiga jayayya ko jirgin nan shi ne na da. Mu dai ba mu ga abin tashin hankali a nan ba. Wanda ya cusa bututu ya san abin da ya cusa, ƙafarsa tana jin nauyin da ya saba, motar tana yin abin da aka yi ta dominsa. Tambayar tana zama mai nauyi ne kawai ranar ciniki, in mai saye ya ce, "An taɓa ta?"

Saura abu ɗaya da yake yi wa masu son gyara wuyar haɗiya. Ƙwararru da yawa sukan ce in mastan sama ya mutu, a canza na ƙasa tare da shi, ko da yana aiki. Hujjarsu ita ce mai ɗaya suka sha tsawon shekaru ɗaya, kuma cikakken matsin sabon famfo yakan fallasa raunin tsohon. Zuciya ba ta son a cire abin da bai yi laifi ba. A tsohuwar MX-5 ana iya jira, domin na ƙasan a waje yake, ƙusa biyu ke riƙe da shi, duk ranar da ya gaza aikin awa ɗaya ne. A Nissan 370Z kuwa yana can cikin ƙoƙon da ya haɗa inji da giyabos, ba a isa gare shi sai an sauke giyabos ɗin gaba ɗaya. Wanda ya riga ya sauke don wani aikin, ya ga tsohon famfo ya mayar da shi saboda "bai mutu ba tukuna", zai biya ladan saukewa sau biyu. Shawara ɗaya, a wannan mota tattali ce, a waccan rowa.

A jihar Kalifoniya doka ta ba mai mota damar ya nemi a mayar masa da kayan da aka cire, in ya faɗa tun kafin a fara aiki. Mu ba ma buƙatar doka kafin mu ce, "Malam, ina tsohon?" In aka miƙo, a cire zoben, a zaro fistan, a goge lakar da tsumma mai tsabta. Kada a kusanto da fetur ko baƙin mai wurin robobin da za a mayar, domin suna kumbura su. A haska fitilar waya a ciki, sannan a zura ɗan yatsa a ja farce a bangon daga ƙarshe zuwa baki, musamman ta ƙasa inda lakar ta kwanta. In farce ya zarce bai ji komai ba, a aika a sayo kit. In ya maƙale ko sau ɗaya ne, a tambayi kuɗin sabo.